Kishina da Baba Tom

Zuwa ga ɗana Abba, a Kanada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan Kankiya sai godiya. An gama shigo da amfanin gona, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Za ka yi mamakin ganin na rubuto maka a nan, inda kowa zai karanta. Sau biyu ina niyyar faɗa maka a waya, sai in ji bakina ya kauce, na koma tambayarka ko kana cin abinci. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina gare ka, kuma yadda aka rene ni uba ba ya zama da ɗan fari ya buɗe mashi cikinsa. Rubutu ya fi mani sauƙi. Tunda a gaban mutane na saba kau da kai daga gare ka, gara wannan ma su gani.

Maganar kwanan dajin nan ce. Saƙon da Kawunka Isa ya isar maka, cewa ban yarda ka je ba saboda haɗari, ni na aiko shi. Amma dalilin da na bayar ba shi ne na gaskiya ba.

Ka tuna Asabar ɗin da ka kira ta bidiyo, mu nan bayan la'asar, ku can hantsi. Kana tsaye a bayan gidan da kake haya, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, numfashinka yana fita kamar hayaƙi. Ka ɗaure wani gadon lilo na yadi tsakanin itatuwa biyu, kana ta nuna mana shi. Ka ce kai da mai gidan, dattijon Baturen nan da ya yi ritaya, za ku shiga daji ku yi kwana biyu a bakin wani tafki da ya daskare, a sanyin da ya fi na cikin firiza, kowa a rataye a nasa lilon. Ka ce sai kun fara gwajin kwana ɗaya a nan bayan gida, inda in abin ya gagara za ka ruga ɗaki.

Ban taɓa jin ka yi magana mai tsawo haka a gabana ba. Ka nuna tamfol ɗin da za a kafa a sama. Ka nuna bargon da ake ratayawa a ƙarƙashin lilon, ba a ciki ba. Ka nuna safar da ake ajiyewa a bushe don barci kawai, da gorar da ake cikawa da ruwan zafi a sa tsakanin cinyoyi. Kowane abu ka ɗaga sai ka ce, "Baba Tom ya ce." Baba Tom ya ce kada ka bari ka yi gumi. Baba Tom ya ce kada ka cusa hanci cikin bargo, numfashi zai jiƙa shi. Na fara ƙirgawa a zuciyata, da na kai bakwai na bari.

Sai ga shi ya fito da kansa, dogo, mai farin gemu, da kofi biyu a hannu. Ya miƙa maka ɗaya. Ya ɗaga mani hannu yana murmushi, sannan ya juya ya jawo hularka ta rufe maka kunne, ya bubbuga kafaɗarka. Kai kuma ko gezau, ka ci gaba da magana, alamar ka saba. A nan ne na ce ba na ji sosai, na miƙa wa mahaifiyarka wayar na fita zaure. Ina ji sarai.

Abba, shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin gona. Babu ƙauyen da ban taka ba daga Rimaye har Kaikai. A gonarmu ta Bauranya, kowace kaka in an tara dawa kafin a samu amalanken kwasowa, can nake kwana a kan rumfar kara, a tsakiyar ɗari, lokacin da ruwan buta ke yanka hannu da safe. Tun ina saurayi na san sanyi ta ƙasa yake cin mutum. Shi ya sa muke shimfiɗa harawa mai kauri kafin tabarma, mu toshe gefen gabas da dammunan kara tun rana ba ta faɗi ba. Da na ji ka ce, "Baba Tom ya ce sanyi ta ƙasa yake shiga," fuskarka cike da mamaki kamar an buɗe maka wani sirri, sai na kau da kai daga wayar. Wannan ilimin yana gidanku shekara da shekaru, a ɗakin da ke kallon naka. Sai da ka haye teku wani ya ba ka shi.

Na san sanyinmu wasa ne a kan nasu. Na san mutumin ya fi ni sanin dajinsu. Sanin hakan bai rage mani komai ba.

Kalmar Baba ɗin ma ta tsaya mani. Na san ladabi ne, mu muka koya maka kada ka kira babba da sunansa gatsal. Amma ni in ka ce mani Baba, kanka a ƙasa yake, muryarka can ciki. Shi kuwa da dariya kake faɗin nasa.

Ban sani ba ko kana tuna wata ranar kaka, kana ɗan shekara tara. Na fito da babur zan tafi Bauranya, abokaina uku suna zaune a ƙofar gida. Sai ga ka a bakin zaure, ka naɗe tabarmarka da bargon kakarka, ka ɗaure su da igiya, ka sa rigar sanyin makaranta. Ka dai tsaya. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya yi dariya ya ce, "Malam, ga ɗan rakiya ka samu." Ban dube ka ba. Na ce da su, "Ku ce wa yaron nan ya koma ciki." Na tayar da babur.

Ta madubi na hango ka, ba ka motsa ba har na sha kwana. Na ce a raina baɗi zan tafi da kai, in babu idon mutane. Da baɗin ya zo kana makarantar kwana. Bayan shekara uku na ɗauki ƙanenka Sani, tunda shi babu kunya tsakaninmu, kuma na san labari ya iske ka, don shi ba ya iya riƙe magana. Ba ka sake tambaya ba. Yanzu ga yadda zamani ya koma, ko da rana ba mai son ya daɗe a gona, balle kwana. Rumfar ma gara ta cinye ta.

Bayan kiran nan na Asabar na yi wuni biyu ina faɗa a gida. Na ce wane irin hankali ne mutum ya bar ɗaki mai ɗumi ya je ya rataye kansa a itace kamar jemage. Na ce mun tura yaro karatu, wani tsoho da ba shi da aikin yi yana neman ya kashe mana shi. Na kira Kawunka na ba shi saƙo. Mahaifiyarka tana tsince wake a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ba sanyin kake tsoro ba." Na ce me take nufi. Ta ce, "Da Isa ne zai kai shi, da ka saya mashi safa." Ita ta daɗe da ajiye kunyar ɗan fari, tun ranar da ka hau jirgi. Ni ne na rage ina dakonta.

Amsarka ce ta gama da ni. Isa ya karanta mani ita, layi ɗaya: "Tunda Baba bai yarda ba, na fasa, Allah ya huci zuciyarsa." Ba gardama, ba roƙo. Na so a ce ka yi musu, ko don in samu abin riƙewa. Sai kawai ka koma ciki, kamar wancan karon. Na tambayi Isa me ka ce wa dattijon. Ya ce ka faɗa mashi gaskiya, shi kuma ya ce uba ya fi kowa iko da ɗansa, ya kwance lilon da hannunsa ya adana maka. Har a nan ma sai da ya fi ni. Na ji haushin hakan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

To ka ji da bakina, ba ta bakin Kawunka ba. Na janye hanin. Ka je ka ce mashi ya fito da lilon. Ku yi gwajin bayan gidan kamar yadda ya tsara, kuma duk abin da ya ce maka a kan sanyin ƙasarsu ka bi, don na saurara da kunnen wanda ya san kwanan fili, ban ji ya faɗi shirme ko ɗaya ba. Ku bar wa wani labarin inda za ku da ranar da za ku fito. In ka ji yatsunka sun daina ciwo sun yi shiru, kada ka yi jarumta, ka faɗa mashi nan take.

Akwai kuma abin da Baba Tom ba zai koya maka ba, wannan nawa ne. Ka nemi ɗan dutse mai faɗi, mai tsabta, ka sa a aljihun ciki. A irin wannan sanyin, in ba ka samu damar ɗumama ruwa ba kuma ka ji tsoron alwala za ta cutar da kai, ka yi taimama da shi, addini bai ce ka illata kanka ba. Ka duba alƙibla tun da rana, ka yi mata alama a jikin itace, don waya tana mutuwa a sanyi. Ka tafi da citta da kanumfari cikin kayan shayinku. In ya tambaye ka wa ya koya maka, ka ce babanka ne. Ka faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Ban ce na daina kishinsa ba. Ranar da za ku shiga dajin nan zan wuni ina tunanin wa zai fara ganin fuskarka da safe in ka leƙo daga bargo kana dariya, kuma na san ba ni ba ne. Zan daure. Ya ga yaro baƙo a ƙasar da ba shi da kowa ya jawo shi jiki, ni kuma Allah ya ba ni kai a cikin gidana na tsaya jin kunyar mutane. Ka gaishe mani da shi. Ka ce wani tsoho a Kankiya yana godiya, ko da yake godiyar da ƙyar ta fito.

Ka yafe mani, ɗana.

Allah ya tsare ka daga sharrin sanyi da na daji, ya kai ku lafiya ya fito da ku lafiya. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri a kan abin da ya yi maka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'ya, ya ba ka ƙarfin halin ɗaukar na farinsu a kafaɗa a tsakiyar kasuwa. Ya kuma ara mani kwana in gani da idona. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Kankiya.