Ranar da Na Wanke Kofin Mamaci

Siman nawa, sanyin idona, hasken safiyar da ke gangarowa daga kan Dutsen Shere, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, muradin raina wanda ba shi da na biyu daga Farin Gada har Bukuru!

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Anguwan Rukuba, yaya shago, yaya idanunka? Na san har yanzu kana walda da gilashi a goshi maimakon a ido, kada ka ma fara musu. Albishirinka, masoyina! A'a, kada ka zura ido ƙasan takarda, na san halinka. Ka bi ni daki-daki, domin kafin albishir akwai laifin da zan amsa. Sati shida ina ce maka lafiya lau a waya, alhali ba lafiyar ba ce. Saura ƙiris a sallame ni daga makarantar nan in dawo maka Jos hannu rabbana.

Ka san tsarin. Kowane ɗalibin mishan ana tura shi wata ikilisiya a cikin gari ya yi wata shida, daga nan dattawanta su rubuta shaida a kansa. Babu shaida, babu keɓewa don aikin bishara. In kuwa ba a keɓe ni ba, ina zancen tafiyarmu Chadi, kai kana gyara famfunan ƙauyuka, ni ina koya wa mata karatu, abin da muka shekara uku muna roƙon Allah a kai? Kuma da wane ido zan kalli 'yan Zumuntar Mata, waɗanda suka raka ni tasha da kiɗan tulu da caki sai ka ce amarya suka kai?

Ni wata 'yar majami'ar dutse aka tura ni, a bakin teku, nan Scotland. Siman, mu 'yan Jos mu daina cika baki da sanyi, wasan yara muke yi. Amma sanyin gari bai dame ni kamar na cikin majami'a ba. Sujada awa ɗaya cif, ba ƙari ba ragi. Ba ganga, ba tafi, ba rawar kai baikon kuɗi gaba. Daga zaune ake miƙa wata 'yar jaka a hankali kamar ana ɓoye abin kunya. Lahadin farko Fasto ya faɗi maganar da ta ratsa ni, na ɗaga hannu na ce Halleluya da muryar nan tawa da ka sani. Kawuna arba'in masu furfura suka juyo a tare! Wani tsoho mai raba littattafan waƙa a bakin ƙofa, Baba Angus, ya lallaɓo ya kawo mini ruwa, a zatonsa ciwo ne ya tashi mini. Shi kuwa Faston wai in riƙa kiran sunansa gatsal, mutumin da ya isa ya haife ni. Da na rusuna in gaishe shi, shi ma sai ya sunkuya yana duba ƙasa, ko wani abu na yar.

Duk wannan na haɗiye. Na koyi ce wa Amin a cikin ciki, na koyi shan shayin bayan sujada ina hirar ruwan sama da mutanen da ba sa tambayar lafiyar iyayenka. Amma kewarka fa, ita ce ban iya haɗiyewa ba. Wayyo Siman! Wace rana ce ta fito ban neme ka a cikinta ba? Wace iska ce ta taso daga tekun nan ban tambaye ta ko ta bi ta ƙofar shagonka ba? Kai ne inuwata, kai ne ɗumin murhuna, kai ne dutsen da nake jingina in na gaji.

Ka tuna makokin Mama, mahaifiyarka, Allah ya ba ta hutawa? A lokacin ba ka ma san sunana ba. Mu 'yan Zumunta mun shigo gidanku da sassafe, Mama Roseline, uwar Zumunta, tana gaba tana ba da umarni. Ta gan ni a tsaye ta ce, "Kai Kangyang, ba a zuwa gidan mutuwa a naɗe hannu o! Ɗauki tsintsiya." Muka fitar da kujeru, muka kwashe falo don masu gaisuwa su sami wurin zama, muka wanke duk abin da ke wankuwa. Ba wanda ya gayyace mu, ba kuma wanda ya tambaye mu dalili. A rana ta uku na same ka a bayan gida kan bulo, ba ka sa komai a bakinka ba tun ranar rasuwa. Na tura maka kwanon gwate, faten accan nan namu. Ka ci, ka ɗago da jajayen idanu ka ce, "Sista, wa ya dafa wannan?" Na ce ni ce. Ka ce, "To ƙara mini." Tun daga ranar zuciyata ta tattara kayanta ta koma wurinka, har yau kuma ba ta dawo ba.

To, abin da na taso na gani ke nan, shi na sani. Sai ga shi wata Talata Baba Angus ya rasu. Ranar Lahadi aka yi sanarwa, na tambayi matan ƙarfe nawa za mu tafi gidan. Suka dube ni, suka ce ai iyalin sun roƙa a bar su su kaɗai, kowa zai aika da kati. Kati, Siman! Mace ta shekara hamsin da biyu da mijinta, a zura mata takarda ta ramin ƙofa? A raina na ce kara ce kawai suke yi. Mu ma a gida ai masu makoki kan ce kada a wahala, wa ya taɓa saurarensu?

Washegari na zazzage ragowar accan da mahaifiyata ta ƙulla mini, wadda nake ta tattali wata huɗu. Na yi gwate da alayyafon da na samu, na ɗaura zanen Zumunta a kan wandon sanyi, na rungumi tukunya na nufi gidan. Ban buga waya ba. Matarsa, Mama Morag, ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona. Na yi mata gaisuwa na raɓa ta gefenta na shige.

Ka san ni da aiki. Na ajiye tukunya a kicin na kama shara. Na tura babbar kujerar marigayin jikin bango don masu gaisuwa su sami fili, masu gaisuwar da ba za su taɓa zuwa ba. Na kwashe takalmansa daga bakin ƙofa. Na tattara kwanuka, har da wani kofi da na gani a ɗan teburin jikin taga, shayi ya bushe a cikinsa. Na dirje shi tas har yana ƙyalli, ina 'yar waƙata a hankali, ina ganin ni ce yau na nuna musu yadda ake zumunci. Sai na ji ƙara a bayana, irin wadda ban taɓa zaton za ta fito daga bakin tsohuwar nan mai magana ƙasa-ƙasa ba.

Kofin da ya sha shayinsa na ƙarshe ne, Siman. Kwana shida tana zama tana kallonsa, wurin da bakinsa ya taɓa yana nan. Ni kuma na zo da soso da sabulu na share shi cikin minti ɗaya.

'Yarta Tina ta raka ni ƙofa cikin ladabin da ya fi mari zafi. Bayan kwana biyu takardar ƙara a kaina ta iso makaranta. Malamar da ke kula da ɗalibai ta kira ni ofis ta ce, mai aikin bishara da za a ce mata a'a a ƙasar mutane ta ƙi ji, tana iya rushe aikin shekara ashirin a wuni guda. Ta ce dattawan ikilisiya za su zauna a kaina ƙarshen wata mai zuwa, in shirya wa kowane irin hukunci.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko fushi na yi. Na ce mutanen nan zuciyarsu ƙanƙara ce, na kai musu alheri sun saka mini da ƙara. Na yi kwana huɗu ina kai wa Allah ƙorafi. A na biyar ina ninke kaya sai ɗankwalin Mama ya faɗo mini a rai, wanda ka ajiye a ƙasan akwatinka ka hana kowa wankewa saboda ƙamshin man gashinta. Na tuna ranar da ƙanwarka ta ɗauko shi za ta jiƙa, yadda ka fizge shi. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban taɓa yi ba. Ashe kai ka koya mini tun tuni, ni ce ban ɗauki karatun ba. Ya kai malamina da ba ka san kana koyarwa ba, da me zan biya ka?

Sai na bi hanyarsu. Na sayi katin nan da na raina, na rubuta cewa na yi kuskure, ina neman izinin zuwa in nemi gafara, a ranar da ta ga dama, in kuma ba ta so na fahimta. Na zura ta ramin ƙofa na juya. Kwana goma sha ɗaya shiru. Kowace safiya ka kira ni ina dariya, ina ajiye waya sai in koma jiran amsarta. A rana ta goma sha biyu ta aiko: Alhamis, ƙarfe uku.

Uku saura minti biyar ina bakin ƙofa, na tsaya har ta cika. Na ƙwanƙwasa, na jira aka ce in shigo. Amma neman gafara kam irin namu na yi, don ban san wani ba: na zube gwiwa biyu a gabanta. Tsohuwa ta rikice, ta ce in tashi kafin ta kira likita. Da na zauna ta ce, "Na yi kwana tara ina faɗa da ke a raina. Sai na lura tukunyarki ta ƙare, kuma ita kaɗai na ci a satin. Abincin naki ma yaji ya yi yawa." Sannan ta ce, "Ki riƙa zuwa ranar Alhamis. Amma kada ki taɓa ko cokali sai kin tambaya."

Ranar mun yi awa guda a zaune muna kallon teku, ba wadda ta ce komai. Ni, Kangyang, awa guda baki a rufe! Na san ba za ka yarda ba. A nan na gane shirun mutanen nan ba rashin ƙauna ba ne, wani lokaci ma ita ce ƙaunar.

Jiya dattawa suka zauna. Su biyar a bayan dogon tebur, ni a kujera ɗaya tilo, tafin hannuna sharkaf da gumi a garin da ba a gumi. Fasto ya karanta takardar ƙarar. Yana gamawa ƙofa ta buɗe, sai ga Mama Morag da sandarta, Tina na riƙe da ita. Tun jana'iza ba ta taka majami'a ba. Ba ta ko zauna ba ta ce, "An zuro mini kati sittin ta ƙofa, na gode wa kowa. Mutum ɗaya ce ta shigo. Ta yi mini ɓarnar da ba ta gyaruwa, ta kuma dawo ta amsa laifinta, ta koyi jira. In irin wannan ba za ku aika ba, ban san wa kuke nema ba."

Siman, sun sa hannu! Su biyar ɗin duka! Ga albishirinka, ga shi nan, karɓi! An rubuta mini shaida, za a keɓe ni Lahadin farko ta watan Yuni, ranar sha huɗu kuma ƙafata tana Jos. Ka fita tsakiyar titi ka faɗa, ka gaya wa masu keke, ka gaya wa masu gasa masara! Ka je wurin Mama Roseline ka ce 'yarta ba ta ba ta kunya ba, a ɗumama tulu. Allah ya ɗaga kaina a ƙasar da na zubar da shi da hannuna. Wa ya isa ya yi wannan in ba Shi ba?

Yanzu saura kai. Ka tara kawunnanka su je wurin Babana a sa rana, kada ka tsaya jan ƙafa, na jira iya jira. Ka fara ɗaure kayan aikinka, Chadi na kiranmu. A can za mu zama baƙi, za mu yi kurakurai, wataƙila ma waɗanda suka fi wannan. Amma na yi maka alkawari, duk ƙofar da muka isa zan tsaya in yi sallama, in jira a amsa, in tambaya kafin in taɓa. Zuciyarka ce kaɗai na shiga ba da izini ba, ita kuma ko dattawa ɗari suka zauna a kaina ba zan fita ba.

Taka ce ni a cikin sanyi da zafi, a gida da ƙasar mutane, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu.

Kangyang