Baba Ya Ƙi Wankin Ƙoda, Yana Jiran Maganina

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki dubi wasiƙar nan, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ma'aikaciya ce a wata cibiyar bincike. Aikina nazarin ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyaye, a gano wadda ke jawo cuta, sannan a sa kwamfuta ta tace dubban sinadarai ko za a dace da wanda zai iya zama magani. A gida kuwa likita kawai suke kirana, alhali ko allura ban iya yi ba.

Ciwon ƙoda na gado ne a gidanmu. Shi ya ɗauki kakata da gwaggona, yanzu ya kama Baba. Saboda ciwon ma na zaɓi wannan fanni. Bara sai wani sinadari ya fito da kyau a lissafinmu, har shugabanmu da ba ya dariya ya yi murmushi. Murna ta sa na ba Yaya labari a mota, na kuma jaddada masa cewa mataki na farko ne kurum. Muna isa gida, kafin mu cire takalmi ya shaida wa Baba wai na gano maganin.

Anti, tun ranar komai ya rikice. Likita ya ce lokacin fara wankin ƙoda ya yi, Baba ya ce shi ba za a jona shi da inji ba alhali 'yarsa na haɗa masa magani. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya nuna ni. Kawuna ya fara ba mutane lambata. Shi kuma Yaya kullum roƙona yake in ɗebo ko rabin cokali ne daga wurin aiki, wai wa zai sani. In ɗebo me? Ni ban taɓa ganin abin da idona ba sai zanensa a allon kwamfuta.

Abin da ba su sani ba, abokan aikinmu sun gwada shi a jikin ɓeraye, ya lalata musu hanta. An ajiye shi. Ko da ya yi kyau ma, shekaru ne masu yawa kafin ya kai ga ɗan Adam.

Na yi niyyar faɗa wa Baba gaskiya ya fi a ƙirga. Sai in shiga ɗakinsa in tarar ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, ya ɗago yana tambayata aiki ya kusa? Sai in gyara masa matashi in fito. Mama ta ja ni kicin ta ce kada in kuskura, wai wannan sa ran ne ya sa yake cin abinci. Idan na yi magana na karya masa zuciya, idan na yi shiru ina kallo jikinsa na ƙarewa. A ofis ba na iya kallon allo, a gida ba na iya kallon Baba. Yaya zan yi?

'Yar Baba

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya.

Da farko ki sauke laifin da ba naki ba. Labarin aiki kika ba ɗan'uwanki, so ne ya sa ya ƙara masa gishiri. Mama ma tana da gaskiyarta, marar lafiya yana buƙatar abin da zai riƙe. Amma sa ran da ke hana mutum zuwa asibiti cutarwa yake yi, kuma ke kin fi kowa a gidan sanin abin da kumburin nan ke nufi. Don haka maganar ba ta jira.

Ki fara da Yaya da Mama, ki faɗa musu batun ɓerayen ƙarara. Yaya ne ya kai labarin, shi zai raka ki gyara shi, shi kuma zai dakatar da Kawu. Sannan ki ga likitan Baba, ki gaya masa ainihin dalilin ƙin wankin, don mai yiwuwa shi ya ɗauka tsoron inji ne.

Idan kin zauna da Baba, kada ki ce saura kaɗan, wata ƙaryar ce za ta sake ɗaure ki. Ki ce wancan sinadarin bai yi ba, kuma gwajin da ya hana a ba shi abin da zai cutar da shi yana cikin aikinki. Ki ce kuna ci gaba da nema, amma ba ki san ranar ba. Tunda maganarki yake ji fiye da ta likita, ki yi amfani da wannan: ke da bakinki ki roƙe shi ya fara wankin, ki ɗauki hutu ki zauna kusa da shi a zaman farko.

Zai iya yin fushi na kwana biyu. Ki jure, fushin uba yana wucewa, ƙodar da ta tsaya kuwa ba ta dawowa. Ke da Yaya kuma ku je a duba ku.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa albarka a bincikenku, ya bar miki Baba.