Amaryar gidanmu ba za ta yi halawa ba

Assalamu alaikum, Mama. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ni ce Yagana, babbar 'yarki.

Bikin autarki Falmata ya matso. Ni kuma da na gaji sana'arki ta gyaran amare a unguwar Bulumkutu, na ƙi yi mata halawar cire gashi da dilka. Bari ki ji dalili.

Kin tuna ƙurajen fuskar da kika bar ta da su. Bayan rasuwarki suka zama manya masu ruwa, har ta daina fita sai da niƙabi. Duk haɗin da kika koya mini na shafa mata, ko gezau. Daga ƙarshe likitar fata ta rubuta mata wasu ƙwayoyi masu ƙarfi, ana auna jininta lokaci zuwa lokaci. Leɓɓanta suka yi ta tsagewa, amma Mama, fuskar ta lafa.

Likitar ta ja mana kunne kan abu biyu. In mace ta ɗauki ciki tana shan maganin, yana nakasa ɗan, shi ya sa aka ɗaga bikin sai da ta gama sha. Sannan fata takan yi rauni har watanni bayan an daina. In aka manna halawa aka fizge, sai ta taho da fatar. Dilka ma gurzar fata ce, za ta iya saɓule ta.

Gwaggo Bintu, ƙanwar mahaifinmu, ta zo da halawarta a kwano, wai 'yar mai gyaran amare ba ta shiga ɗakin miji haka. Na ɗauke kwanon na kai kicin. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Falmata ma ta yi ta kuka a yi mata ko a ƙafa kaɗai, kada dangin ango su raina ta. Na hana, zuciyata na ciwo.

Na tuna ranar da kika mayar da wata amarya gida saboda ƙuna a hannunta, uwarta na ta faɗa a tsakar gida. Kika ce, "Biki kwana uku ne, fatar nan kuwa da ita za ta tsufa."

Lalle zan sa mata, da turaren wuta da humra. Ni zan zauna a gurbinki in riƙe hannunta, kuma na san sai na yi kuka.

Allah ya jiƙan ki, Mama. Allah ya huci zuciyar Gwaggo, ya kai Falmata ɗakinta da lafiyayyar fata.

'Yarki mai kewarki,
Yagana