Bindigar Baba da Goɗiyarsa

Zuwa ga Yayana Obdulio,

Gaisuwa mai yawa daga nan Zacapa, tare da fatan kana lafiya, kai da Maribel da yara. Allah Ya tsare ku a Houston, Ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mama na nan da sauƙi, ƙafar dai sai lallaɓawa. Ruwa ya sauka, ciyawa ta yi kyau.

Yaya, da baƙin ciki nake rubuto maka. Golondrina ta mutu, goɗiyar nan da Baba ya raina tun tana shan nono. Ta zame ta faɗa kwazazzabon bayan gona, ƙashin bayanta ya karye. Wurin ba ya saukuwa, sai dai harbi daga sama. Ka san halin mutanenmu, namiji ba ya bari wani ya kashe masa dokinsa, kuma harsashi ɗaya ake yi. Baba ya kori kowa baya, ya zaro ƙaramar bindigarsa, wadda ya ɗaura wa sabon abin saitin nan mai walƙiya da ka aiko masa da Kirsimeti. Ya harba, ya same ta a muƙamuƙi. Ya sake, ya same ta a wuya. Wayyo Yaya, kukan da dabbar nan ta yi har yanzu yana kunnena! Tana ɗago kai tana nemansa da ido. Ƙarshe dai maƙwabcinmu Don Rigoberto ne ya ƙarasa ta da doguwar bindigarsa, Baba na tsaye kamar an dasa shi.

Tun ranar bai sake hawa doki ba. In na kai masa wake da gurasar masara, sai ya ture. 'Yan zaman kasuwa kuwa, marasa kunya, suna ta tsokanarsa wai ya koma harbin kabewa, ita ba ta motsi. Na faki idonsa na kai bindigar wurin mai gyara. Da yatsa kawai ya taɓa abin saitin, sai ga shi yana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce ba don irin wannan bindigar aka ƙera shi ba, notin bai kama ba, duk harbi sai ya goce. Ya ce ko wane gwani ne ya riƙe ta, haka za ta yi masa.

Na dawo da murnata na gaya wa Baba. Sai ya ce in rufe masa baki, ya riga ni sani, tun harbin farko ya ji abin ya motsa. Ya ce ɗansa ya yi wankin kwanuka a ƙasar mutane kafin ya saya masa wannan, ba zai tsaya gaban jama'a ya ce kayan banza ne ba. Gara a ce shi ne ya tsufa. Yanzu har ya yi wa Don Rigoberto maganar sayar masa da shanun, wai wanda ya kasa sallamar dokinsa bai cancanci garke ba.

Ba laifinka nake gani ba, wallahi, alheri ka nufa. Amma ka kira shi kafin Lahadi, ranar da za su ƙulla cinikin shanun, ka ce da bakinka ya cire abin nan ya jefar. Daga gare ka kaɗai zai ji.

Mama da Kawu Anacleto da Inna Zoila suna gaishe ku. Ka shafa mini kan 'yarka Yesenia. Baba bai san na rubuto ba, yana can baranda yana goge abin saitin da gefen rigarsa.

Ƙanwarka,
Floridalma