Kaskon da Na Binne a Gindin Gawo

Da sunan Allah mai rahama. Ni Maidoki mai amya na Tabla, ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. 'Ya'yana Tahiru, Fati, Kailu, ku karanta tare, kada wani ya tsallake inda bai yi masa daɗi ba.

Na ɗaya. Gona da gida da bisashe, malam ya raba muku yadda addini ya ce. Amya goma sha biyu da ke kan itatuwan gawo kuwa, Kailu ya kula da su, don shi kaɗai ne ba ya rugawa in ƙudan zuma ya kusanto kunnensa. Tahiru, kada ka ji haushi, duk gari an san gudunka.

Na biyu. Zirnako zai zo, kowace kaka yana zuwa. Yakan tsare bakin amya yana cafke ƙudan zuma ɗaya bayan ɗaya, har su daina fita kiwo. Ku rage ƙofar da laka, ku bi shi da ido har kogonsa, ku toshe. In za ku ɗana masa tarko, ku sa ruɓaɓɓen nama. Kada ku taɓa sa zaƙi. Na san abin da nake faɗi, kuma a nan kunyata take.

Shekara goma sha tara ke nan, zirnako ya hana ni sakat. Na sayo maganin feshin wake a kasuwar Filingue, na dama shi da zuma a kasko, na ajiye a gindin gawo. Ni da nake ganin duk ƙasar Kurfai ba wanda ya fi ni sanin aikin nan, na manta ƙudan zuma ma zai sha. Cikin kwana uku amya ashirin da uku suka mutu, tara nawa, sauran na ƙanena Baushe. Na binne kaskon, na kama bakina.

A wannan makon ne Tanne, matar Baushe, ta yi wasan bori. Mutane suka ce iskokinta ne suka kashe ƙudan zumar. Da aka tambaye ni, ban ce e ba, sai na sunkuyar da kai kamar mai tausayi, wannan kuwa ya fi faɗi muni. Baushe ya sake ta. Har ya rasu yana gode mini wai na tsaya masa. Fati, ni ne na hana ki gaishe ta a rijiya.

Na uku. Huɗu daga cikin amya goma sha biyun nan na bar wa Tanne. Kailu ya riƙa kai mata zumarsu har gida.

Na huɗu. Zuma ba za ta wanke mata suna ba. Ranar sadakar uku ku ɗauko ta, ku shimfiɗa mata tabarma a gaba, Tahiru ya miƙe ya karanta takardar nan da ƙarfi gaban jama'a. Na san nauyin da na ɗora muku. Sau biyu na kai ƙofar gidanta na juyo, don ni matsoraci ne.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku da 'ya'yan Baushe, waɗanda na raba da uwarsu. Ku riƙe su, gida ɗaya kuke. In Tanne ta yafe mini, ku gode wa Allah. In ta ce ba ta yafe ba, kada kowa ya roƙe ta. Ku ce mata to, ku ci gaba da kai zumar.