Sauran mintocin Yaya

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Mai kula da zaure, don Allah ka sa mini saƙon nan amma ka cire sunana, Konni ƙaramin gari ne, in ka yi tari a kasuwa sai a yi maka sannu a tasha. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda kuma zai ce in yi haƙuri kawai ya riƙe abinsa, Inna na ba ni shi safe da yamma.

Babanmu mai motocin ɗaukar albasa ne. Ni na yi lakwal, wato boko, har lise, ƙarshen sakandare ke nan, jarrabawar ƙarshe ta kada ni sau biyu na bari. Akwai wani furoje na raya karkara a Illela, tamu ba ta Najeriya ba, suna neman sakatare wadda ta iya intanet, gwajin ƙarshen watan nan ne. Da ƙyar da jiɓin goshi Baba ya yarda in riƙa zuwa siber, shagon intanet, koyo, sai da Inna ta sa baki. Mai siber ɗin kuwa koyarwa ba ta dame shi ba, shina can wurin fotokofi, in ka kira shi ya ce "ina zuwa hajiya" har lokacinka ya ƙare. Abin da ya nuna mini bai taka kara ya karya ba, inda ake rubuta adireshi a sama, yadda ake danna abin nan da ake ja bisa tebur, sai wata kibiya koriya mai kallon hagu. Ya ce duk sanda kika ɓace ki danna ta, za ta mai da ki inda kika fito. Ga shafi in zai buɗe kamar amalanken jaki cikin rairayi, ni kuma ban iya jira ba, in abu ya ƙi motsi sai in yi ta dannawa.

Ranar da abin ya faru na iske siber cike, sai ga Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke kula da motocin Baba, zaune a injin lungu, kwamfutar can ƙurya. Yana ganina ya yi 'yan danne-danne ya miƙe, ya ce akwai sauran lokaci, in zauna in ƙarasa kar a yi asara. Ku da ke zuwa siber kun sani, ba mai bar wa mai shago mintocinsa, naka kake ba. Har godiya na yi mishi. Labarin ƙwallo na tarar a allon. Na rubuta adireshin da nike koyo da shi, na kuskure harafi, farin shafi ya fito da turancin da ban gane ba. Sai na tuna kibiya. Na danna, shiru. Na sake, shiru. Haushi ya kama ni na jera mata dannawa. Ashe ba inda na fito kaɗai take mai da mutum ba, har inda na gabanka ya fito. Ta wuce ƙwallo ta kai ni inda Yaya yake kafin in shigo. Ba zan rubuta abin da na gani ba, mata ne ko zare babu a jikinsu. Na danna nan wani ya buɗe, na danna can wasu biyu, kamar na taɓa gidan rina. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake rufewa. Ina ƙoƙarin rufe allon da mayafina sai na ji a bayana an ce "A'uzubillahi! Karatun ke nan?" Baffa ne, ƙanen Baba, ya zo fotokofin takardun mota.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Baba ba mai ɗaga murya ba ne, cewa kawai ya yi ba ni ba siber, ba ni ba Illela. Na ce wallahi ba ni na buɗe ba. Ya ce hannun wa ke bisa injin? Shi a wurinsa kamar mota ce, wanda ke riƙe da sitiyari shi ke da hatsari. To ku gaya mini, da wane baki ɗiya za ta yi wa ubanta bayanin abin da ko sunansa ba ta iya faɗi gabansa? Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya na zaune nan bisa tabarma kusa da Baba, ya buɗe baki ya ce dama shi ya faɗa, siber ba wurin mata ba ne. Aradu da ba gaban Baba ba ne da buta zan jefa mishi.

Washegari ya same ni ɗaki da turmin atamfa daga Sakkwato, murya ƙasa-ƙasa, wai in rufa mishi asiri, an sa ranar aurensa da ɗiyar limamin unguwarmu, in magana ta fita an fasa, Baba kuma ya karɓe makullan mota. Wai ke ko ba daɗe ko ba jima ɗaki za ki, mi za ki yi da aikin buro, zaman ofis? Na ce ya kai wa amaryar ta yi zanen sallah. Na faɗa wa Inna komai, ta ce ta san ba halina ba ne, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ai an riga an yanke, nawa anka yanke. Shekaranjiya wurin suna ina shiga matan Baffa sunka yi tsit, ɗaya ta jawo ɗiyarta kusa da ita.

Mai siber ya san wanda ya tashi daga kujerar. Ya ce shi ba ya kai kansa faɗan gida, amma in Alhaji ya tambaye shi da bakinsa ba zai yi ƙarya ba.

To mi kunka gani? In ce wa Baba ya je ya tambaya, auren Yaya ya watse, Inna ta ɗauke ni wadda ta tona gida? Ko in ba Yaya wa'adi ya faɗa da kansa, alhali na san ba zai yi ba? Ko in haɗiye, Illela ta wuce ni, in ci gaba da ɗaukar sunan da ba nawa ba a garin da nan zan yi aure?

Yanzu haka da sunan barkar haihuwa na fito, wata siber ce can wajen tasha, ƙawata ta nuna mini yadda ake rufe komai. Lokacina bai ƙare ba amma zan tashi. Sai na rufe duk abin da na buɗe tukuna, ban san ƙanwar wa za ta zauna bayana ba.