Benin Ma Ƙasar Waje Ce

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Kuma ina roƙo kada a yanke mini hukunci kafin a kai ƙarshe. Na san halin wasunku, layi biyu za ku karanta ku ruga ƙasa ku rubuta "ki ji tsoron Allah". Na ji, ina jin tsoronsa. Shawara na zo nema, mai wa'azi ya jira in gama.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, 'yar Bagudo ta jihar Kebbi. Na karanta harkar kasuwanci a jami'a a Sakkwato, na fita da sakamako mai kyau, na yi aure bai daɗe ba ya mutu, na dawo gida. Mahaifinmu yana da injin casar shinkafa, kuma shekara bakwai ke nan ni ke riƙe da shi. Ni ke zuwa Kende da Bahindi in zauna da manoma tun kafin a yanke shinkafa, ni ke faɗa da direbobi, ni ke nemo makaniki in inji ya tsaya, ni ke komawa gida jikina duk ƙaiƙayi. Sau uku ina roƙon Baba ya bar ni in tafi waje in yi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Sau uku yana ce mini "sai an gani". Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Nasiru ko da yake ba sunansa ba ne. Kwas ɗin da na yi shi ya yi, da kyar ya fita, aikin bincikensa na ƙarshe ma rabinsa ni na rubuta. Mutumin da in ka damƙa masa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, bai iya ce maka ta bushe ko ba ta bushe ba. Sati biyu da gama bautar ƙasarsa Baba ya kira ni bayan la'asar.

"Ɗiyata, Nasiru za shi waje shi ƙaro karatun kasuwanci. In ya dawo shi riƙe injin ga. Ke kis san boko, ke za ki zaɓa mai makaranta."

Na ce, "Baba, ni fa?"

"Ke ai kina nan. In kin tahi, wa za shi riƙe muna wurin kahin shi dawo?"

Kun ji fa. In riƙe masa wurin kafin ya dawo. Ni ce mai gadi kenan? Shekara biyar a lokacin ina cikin ƙurar inji don in ɗumama wa yaro kujera? Kuma ni ce zan zaɓa masa makarantar da na yi shekaru ina mafarkin shiga? Na ce "to Baba", na tashi, amma wallahi tun daga ranar na tsani ganin Nasiru. Ko dariyarsa na ji a tsakar gida sai raina ya ɓaci.

Da farko aikin gaskiya na yi, wannan ku rubuta mini shi. Na san abin da ake dubawa don na daɗe ina duba wa kaina: ko hukuma ta amince da makarantar a ƙasarta da kuma nan gida, da wane harshe ake koyarwa, su wane ne malaman, ina waɗanda suka gama suke aiki, ko ana tura ɗalibi kamfani ya ga aiki da idonsa. Na cike masa takardu wuri biyu, Ingila da Malesiya, da imel ɗina saboda nasa ko kalmar sirrin bai riƙe ba. Ta Ingila ba su ɗauke shi ba. Ta Malesiya suka ɗauke shi, kuma ita ce daidai da mu, don har darasi suke da shi kan kasuwancin amfanin gona, daga gona zuwa kasuwa. Ranar da wasiƙar ta shigo ina ofishin inji, na karanta ta sau huɗu, na ga sunansa inda nawa ya kamata ya kasance. Na rufe wayar. Da ya tambaye ni na ce duka biyun sun ƙi. Ya ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri, Yaya." Ko a jikinsa! Wannan ma ya ƙara ƙona mini rai.

A lokacin ne na ga tallar wata makaranta a Kwatano tana yawo a waya. Na kira su. Hawa na biyu ne na wani bene, ƙasansa shagon tayoyi. A talla sun ce Turanci da Faransanci, amma da na matsa wa mutumin ya ce yawancin malamansu da Faransanci suke koyarwa. Na duba jerin makarantun da aka amince da su, babu sunanta. Na sani sarai. Ban yi kuskure ba, ban ruɗe ba, kada wani ya nema mini uzuri.

Sai ku fahimci Baba kafin ku gane yadda na ci nasara a kansa. Mu a Bagudo Benin ba wata ƙasa ba ce, maƙwabta ne. Baba ya fi shekara talatin yana ƙetarawa ta Tsamiya zuwa Segbana, yana zuwa Malanbil cin kasuwa, bai taɓa buƙatar kalma ɗaya ta Faransanci ba. Da Dandanci da Hausa yake ciniki, da su yake faɗa, da su ake ba shi masauki. Bai taɓa wuce Kandi ba, don haka a wurinsa duk ƙasar Benin Dandanci take ji har bakin teku. Innarmu kuwa Badanda ce, mun tashi da harshen a baki. Na same shi na ce na samo makarantar da ta fi kowace.

Ya ɓata fuska. "Benin? Ni waje nic ce, ke kina hwaɗa min bayan gida."

"Baba, Benin ma ƙasar waje ce. Da fasfo zai shiga, takardar waje zai kawo. Kuma ga Dandanci a bakinsa, ba wanda zai sayar da shi yana tsaye. In Inna ta yi kewarsa, mota ɗaya ce."

Sai ya yi murmushi. "Wagga ɗiya akwai kai. Waje ta, kuma gida ta." Har ya riƙa ba abokansa labari a masallaci, wai wasu na kai 'ya'yansu inda ba su da kowa, shi kuwa ɗiyarsa ta samo masa waje a kusa. Ba wanda ya ce masa a'a, don duk irin tunaninsu ɗaya.

Sati uku da tafiyar Nasiru ya kira ni. "Yaya, nan ba mai jin Dandanci sai 'yan unguwar Zango. Malami na shigowa shi yi ta Faransanci awa biyu, ban san mi shika cewa ba." Na ce masa ya daure, kowane karatu da wahalarsa, namiji ne shi. Na kashe wayar na yi dariya. Eh, na yi dariya, kuma ina jin kunyar rubuta wannan fiye da komai. Na ɗauka wata uku zai yi ya gudo, Baba ya ga irin ɗan da ya fifita a kaina. Bai gudo ba. Ya daina kirana, sai gaisuwar Juma'a a saƙo. Ya rame, Inna na kuka duk hutun da ya zo, ni kuwa ina cewa zafin Kwatano ne. Shekara biyu ya yi ya dawo da takarda mai zanen zinariya wadda ni da Allah muka san ko a ƙaramar hukuma ba za a karɓe ta ba.

Baba ya yanka sa, aka yi walima, aka sa takardar a gilashi aka rataye a ofishin inji, saman teburina. Bayan baƙi sun watse ya tara mu, ni da Inna da Nasiru. Ya ce ya daɗe yana zaluntata bai sani ba, Nasiru ne ya buɗe masa ido. "Ɗiyata, kin yi haƙuri, kin zaɓa ma ƙanenki abu mai kyau. Yanzu lokacinki na. Bayan Sallah ki shirya, makarantar da yag gama ita za ki. Na riga na sa an kai sunanki." Inna ta rangaɗa guɗa. Abin da na roƙa shekara bakwai, ga shi an ba ni, kuma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi Nasiru, yana ta danna waya.

Washegari da hantsi na same shi a bayan inji inda ake shanya, na ce ya gaya wa Baba akwai makarantun da suka fi wannan, in zan tafi gara in canza. Ya ɗago ya dube ni, kuma ban taɓa ganin wannan idon a fuskarsa ba.

"Waɗanda sunka fi ta? Irin ta Malesiya?"

Ashe a takardar da na cike lambar wayarsa na sa. Bayan shekara ɗaya suka turo masa saƙo suna tambaya ko har yanzu yana son gurbin da suka ba shi bai amsa ba. Shekara guda cur yana riƙe da wannan a cikinsa, yana turo mini barka da Juma'a.

"Wata shida ina zaune cikin aji awa kurma, Yaya. Na kai takardar ga Abuja an duba, an yi min dariya. Ban hwaɗa ma Baba ba, kuma ba ni hwaɗi. Ke kic ce mishi ta fi kowace. To ki tahi ki sha daɗinta, ko ki je ki gaya mai da bakinki abin da kinka yi. Zaɓi na wurinki, ai ke ka zaɓe a gidan ga."

Na zage shi. Na ce masa munafuki, macuci, wanda bai taɓa ɗaga buhu ba zai gaji gumina. Ya ce duk ya ji, ya juya ya ci gaba da magana da wani direban Benin da Faransanci, harshen da ni na jefa shi cikinsa don ya nutse. Har yanzu ina jin haushinsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina jin haushin Baba da ya ga namiji ya kasa ganina, ina jin haushin duk wanda ya ci naman walimar nan. Amma in na kwanta ina lissafi, ni na rufe wasiƙar, ba su ba.

In na tafi, na ƙona shekara biyu a saman shagon tayoyi, na dawo da takardar banza, injin kuma ya riga ya zama na Nasiru. In na ƙi ba tare da dalili ba, Baba zai ce na raina kyautarsa, kuma ba zai sake buɗe mini wannan ƙofar ba. In na faɗi gaskiya, mutumin da bai iya karatun boko ba, wanda duk takardar da ta shigo gidanmu ni yake miƙa wa ya ce "karanta min, ɗiyata", zai san cewa idon da ya ara ne ya yaudare shi. Jiya Baba ya aiko a karɓi fasfona, na ce ban gan shi ba. Ya ce in duba da kyau, gobe zai zo da kansa ya taya ni nema.

Fasfon yana cikin jakata. Jama'a, me zan yi?